Na Mayar da Ita Ranar Suna

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, duk da cewa ta waya na halarta. Lokacin ina kofur, an tura mu aikin kiyaye zaman lafiya a Sudan, na bar matata Hajara a Potiskum da tsohon ciki.

Laifinta guda ne. Ciwon mara ya kama ta, ta neme ni babu sabis, sai ta hau keke napep ta tafi gidan iyayenta a unguwar Hausari ba da izinina ba. Da labari ya iso ni ko jikinta ban tambaya ba. (Wanda ake daka wa tsawa kullum a fareti, wurin ramawa yake nema.) Na danna waya na tura mata murya: "Tunda kin fita ba izini, na sake ki saki ɗaya."

Wallahi ba rabuwa nake nufi ba, horo ne. A lissafina ina da wata uku na idda, in bar ta ta ji a jikinta, sannan in mayar da ita sanda na ga dama. Iyakar karatuna ke nan, shi ma a teburin mai shayi na tsinto shi. Ta kira, na ƙi ɗauka. Mahaifinta, Baba Maina, ya yi ta kira, na tura masa cewa muna sintiri. Ba a jima ba, sai ta haihu.

Ranar suna na shirya nuna girma. Na goge kaki, na sa yayana ya kira ni ta bidiyo, ya juya wayar ga mutanen da ke kan tabarmi a ƙofar gidan Baba Maina. Har abokan aikina na tara a bayana, wai su ga yadda namiji ke riƙe gidansa.

Aka raɗa wa yaron suna Sadiƙ, ana shafa fatiha na gyara murya. "Baba, albarkacin yaron nan na yafe wa Hajara. Ku shaida, na mayar da ita ɗakinta."

Wuri ya yi tsit. Na ɗauka sabis ne ya yanke, sai na maimaita da ƙarfi.

Liman ya matso har fuskarsa ta cika wayar. "Soja, wa za ka mayar? Mai ciki iddarta haihuwa ce. Tun da yaron nan ya faɗo ta fita daga hannunka. Yanzu da kai da mai keken da ya kawo ta, duk ɗaya kuke. In kana so, ka bi sahun manema."

Wani a bayana ya ƙyalƙyale da dariya. Baba Maina bai yi ba. A hankali ya ce, "Ɗana, da ka ɗauki wayata, abin da zan gaya maka ke nan."

Da na dawo gida na je biko da dattawa. Hajara ta fito zaure da yaron a goye, ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Baban Sadiƙ, ina naƙuda ina kiranka, kana katsewa. Na yafe maka, amma ba zan koma ba."

Yau tana aure a Nangere. Ni kuma na koyi darasin izini da kyau: duk sanda zan je ganin ɗana, sai na kira mijinta na nema. Bai taɓa ƙin ɗaukar wayata ba.