Dokar Ƙaho

A wani daji da ke gefen fadama, akwai wata barewa mai suna Tabawa. Ɗanta guda ne, Tanimu, kuma a cikin sa'o'insa babu mai kamo shi a guje.

Wata damina Jibda mai turare ya kafa rumfa, yana sayar da wani ɗan kara da ake zuƙa a fesar da hayaƙi mai ƙamshi. Ya ce don tsofaffi ya yi shi, su samu su rabu da taba. Sai dai ƙamshin na zuma ne da ɗinya, rumfar kuma tana bakin hanyar da yara ke bi zuwa rafi.

Kafin kaka Tanimu ya fara tari. In ya rasa karan ko ciyawa ba ya iya ci. Tabawa ta kai kuka majalisa, gaban shugabanta Ɓauna.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "mu bareyi ba mu da farce, ba mu da haƙori. Numfashi ne kaɗai makaminmu, ga shi kuma ana sayar wa 'ya'yanmu abin da ke cinye shi."

Jibda ya miƙe cikin ladabi. "Allah ya ba ka nasara, ni ma uba ne, abin ya taɓa ni. A kafa doka, kada a sayar wa duk wanda ƙahonsa bai tsiro ba. Ni zan fara binta."

Majalisa ta yaba masa, aka kafa dokar. Tabawa ta koma gida da murna.

Ranar kasuwa ta gaba sai ga ƙanen Jibda ya buɗe rumfa kusa da ta wansa, yana sayar da ƙahonin katako masu igiyar ɗaurawa. Tabawa ta hango Tanimu a layin rumfar Jibda, ƙaho ɗaya ya karkace masa a kan kunne. Ta koma majalisa. Aka kwana uku ana muhawara, aka tashi a kan cewa dokar ba ta faɗi irin ƙahon ba.

Da rani mafarauta suka shigo da karnuka. Garken bareyi ya watse. Tabawa tana gudu tana jin tarin ɗanta a bayanta, yana ƙara nisa, har ta daina jin sa. Ta juya, ba ta tarar da komai ba sai ƙura.

Majalisa ta aiko mata da ta'aziyya, ta kuma naɗa kwamitin bincike, Jibda na ciki. Bayan wata biyu kwamitin ya gano cewa karnukan ne suka yi gudun da ya wuce ƙa'ida.