Lambar Alhaji a Ɗakin Sanyi na Tara

"Lahiya lau muka kwana, ganinka ne kawai ya ɓata mani hantsi."

Haka Murja ta amsa gaisuwar Gazali, ko kai ba ta ɗago daga kwamfuta ba. Taubasai ne, uwarta da ubansa ciki ɗaya, ni kuwa Allah ya jarabce ni da zama ofis ɗaya da su a Gidan Dahala. Aikinmu kula da ɗakunan sanyi tara na wata ƙungiyar mahauta. Kowane ɗaki da 'yar sabar kwamfuta, inji muke ce mata, da ke auna sanyinsa, in ya ragu ta tura saƙo a waya. Gazali ne ya kafa su bara, bana aka damƙa wa Murja. Shugaban mahautan kuma ya faɗa mata ido da ido: nama ya ruɓe sau ɗaya, an gama da ita.

Ranar ta sake tsara jerin injunan. Ta tara duka tara a rukuni ɗaya, ta sa lambar Abdulhamid, sabon mai lura da ɗakunan, a fayil ɗin rukunin, ta tura. Takwas suka yi gwaji lafiya. Na tara, na Ƙofar Dundaye, mai naman shanu goma sha biyu a ciki, ya yi gum.

"Ɗiyar mace, tashi ki ba ubangidanki kujera," in ji Gazali.

"Ubangidan da ya bar mani jerin injuna kamar kayan gwanjo? Kowane inji da fayil nashi, ba rukuni, ba tsari. Kai ko awaki anka ba ka kiwo, sai ka gina ma kowace akuya garkenta."

"Wanga shi ake kira kulawa. Injunana sun san muryata. In na yi tari a Minanata, na Dundaye shina amsawa."

"To yi tarin mu ji. Tun ɗazu nike kiranshi."

"Ba ya magana da baƙi. Kin gaishe shi?"

"Gazali, wallahi zan kwaɗa maka madannin kwamfutar nan."

"Ke dai ba ki iya ba. Karatun naki duka a waya kinka yi shi, kina tuƙa tuwo da hannu guda."

"Awo, kuma tuwon ya fi aikinka tsari. Zo ka gani."

Ta buga umarnin da ke sa kowane inji ya faɗi saitin da yake gani. Muka leƙa mu biyu. Takwas na nuna lambar Abdulhamid. Na tara na nuna wata lamba daban, mai ƙarewa da bakwai uku.

"Lambar wa ce wagga?"

Gazali ya sosa ƙeya. "Aljanu."

"Aljanu masu layin waya?"

"Na zamani ne."

"Fayil ɗin rukuni ya ce Abdulhamid. Inji ba ya ƙin maganar rukuni sai in an rubuta mai tashi shi kaɗai, don tashi ita ke danne ta kowa. Wa ya rubuta mai?"

Ta buɗe wani kundi da Gazali ya sa wa suna "kar a taɓa". Ga fayil nan a ciki, na injin Dundaye shi kaɗai, layi ɗaya tal. Ni kaina sai da na ce kai!

"To, ki saurara da ladabi," in ji Gazali. "Alhaji Na'Allah ne, mai ɗakin. Ranar da munka kafa injin ya riƙe mani hannu ya ce, 'Ɗan nan, labarin namana ba ya zuwa kunnen kowa sai nawa.' Mutumin da ya yanka ragon sunana! In dube shi in ce a'a, rukuni ya hana?"

"Sai ka ce to, ka ɓoye fayil, ka miƙa mani aiki ba ka hwaɗa ba."

"Na hwaɗa ma zuciyata."

"Ina Alhajin yake yanzu?"

Ni na amsa, don na ga Gazali ba shi da niyya: "Jirgin maniyyata na ranar Asabar ya tashi da shi."

"Madalla!" Murja ta tafa hannu. "Kwana biyar ke nan inji na kai ƙara wurin wayar da ke kashe cikin aljihun jallabiya. Gwanin Sakkwato! A kawo kalangu!"

"Ai inji mai biyayya ke nan. Ni na yi mai tarbiyya."

"Tarbiyyar taka za ta ci mani aiki."

Ta share layin, ta sake turawa. Ba mu ko gama kallon rubutun da ke gudu ba wayarta ta yi ƙara. Abdulhamid ne, muryarsa har inda nake zaune. Saƙo ya shigo masa yanzun nan, kuma ba na gwaji ba ne: sanyin ɗakin Dundaye ya ragu, tun da safe injin ke ta kuka. Murja ta miƙe tsaye, ta ce wa Abdulhamid ya ruga can ya duba.

Minti ashirin muka yi ba mai zolayar wani. Sannan Abdulhamid ya sake kira daga wurin. Janareta ne ya mutu, ya tashe shi, nama na nan da ƙanƙararsa a ciki. Da an kai azahar, in ji shi, sai dai a haƙa rami.

Murja ta zauna, ta sha ruwa, ta dubi taubashinta sama da ƙasa.

"Ubangida, a kawo kujerar?"

"Bar ta. Ƙasa ta ishe ni yau." Ya yi dariya, ya ɗaga hannu biyu. "Na sallama, ɗiyar gwaggo. Ki tsara su yadda kike so, rukuni bisa rukuni. Kilishin Juma'a a kaina, har da na wannan mai leƙen."

"Ban gama ba. In Alhaji ya dawo, wa zai hwaɗa mai an cire lambarshi?"

Gazali ya nuna ƙirjinsa. "Ni."

"Kai? Kai da ko idonshi ba ka iya kallo?"

"Ni zan hwaɗa. Ke dai ki raka ni, ki tsaya bayana."

"In tsaya bayanka in tare ƙofa, don na san gudu za ka yi."

"To ki tare da kyau," in ji shi, ya ja tabarmar salla ya zauna a gefen teburinta. "Nuna mani yadda ake rubuta fayil ɗin rukunin nan."