Rasuwar 'Yar Baƙa a Gangaren Kajiji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da ban ga dalilin ɓoye shi ba, ni Malama Atika ta Bodinga nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar motata a-kori-kura, wadda duk mai bin hanyar Shagari ya sani da 'Yar Baƙa. Ta cika ranar Laraba da hantsi a gangaren rafin Kajiji, tana jaye da tirelarta, da lodin albasa a bayanta.

Marigayiya gadon maigidana ce. Ta yi zama da mu lafiya, ba ta taɓa kwana a daji ba. Da safe takan yi gyaran murya, ƙyaf, ƙyaf, sannan ta ɗauki gurnaninta, dirrr, har kajin unguwa sunka saba. Ta kai auduga fuloti inda ake awonta, ta kai masu naƙuda asibitin Sakkwato ba ta tambayi ko ɗiyar wa ce ba. Aibinta ɗaya ne, ba ta iya cewa a'a ba.

Ga yadda ajalin ya zo, tunda na ji ana ta sauya labarin a kasuwa. Gwamnati ta rubuta a lasinta nauyin da aka yarda ta ja, anka kuma zana shi da farin fenti a ƙofarta. Direbanta Maniru, ɗan ƙanena, da dillalin albasa Na'Allah sunka mai da wannan nauyi ƙidayar buhu, wai buhu kaza ne iyaka. To, buhun da anka auna tun farko na gyaɗa ne mai ɓawo. Na albasa kuwa kowa ya san yadda ake yi masa a ƙasar nan: a cika shi har ya ƙi rufuwa, a tula wata a kai, a ɗinka masa hula da wani buhun. Mai saye ke son haka, ya biya buhu guda ya tafi da guda da rabi. Ƙidaya ta cika daidai, ɗan doka ya ƙirga ya ɗaga hannu. Da sunka kai gangare, tirela ta fi uwarta ƙarfi, ta turo ta daga baya. Birki ya yi kuka, ƙiii, shi ne kalaminta na ƙarshe, sai ta kife. Maniru ya fita da karyayyen hannu, mun gode Allah da ba wuya ba ne.

Masu zuwa gaisuwa suna ce mini kwana ne ya ƙare. Na karanta littattafan da sunka karanta, wasu ma ni na biya wa uwayensu, ban ga inda anka ce a ɗora wa abu abin da ya fi ƙarfinsa sannan a kira shi ƙaddara ba. Wasu sun ce bakina ne ya kama ta, don na sha faɗin cewa lodin ya yi mata yawa. Ashe mai cewa ga rijiya shi ya haƙa ta. Na'Allah kuma yana yawo da cewa ƙarfe ba ya gajiya, kuma awon nauyi dokar Nasara ce, tsohuwa ta yi boko ta zama 'yar korensu. Ni da Nasara ba ma shan inuwa ɗaya, kowa ya ji abin da nake faɗa a kan haraji. Amma nauyi ba Bature ya zo da shi ba. Jaki in an yi masa yawa yakan durƙusa ya ƙi tashi. Mota ba ta da gwiwa, shi ya sa anka rubuta mata a ƙofa.

Ta rasu ta bar tirela guda, marainiya, lafiyarta lau. Ta bar tayar safaya, da jak, da Maniru mai jinya. Tun ba a share makoki ba, Na'Allah ya aiko yana neman riƙon marainiyar, zai ɗaura ta a bayan wata 'yar mota da ba ta kai marigayiya ƙashi ba, don albasar Dingyaɗi na jiran kasuwa. Na san albasa ba ta jira. Manoman sun fi ba ni tausayi da kowa, amma direban waccan motar ma yana da uwa.

Za a jawo gawar da shanu ranar Asabar, a ajiye ta gindin tsamiyar ƙofar gidana. Ba a buƙatar addu'a, ƙarfe ne, a yi wa hannun Maniru. Ƙofarta mai rubutu za a cire a kafe a zaure, inda kowane mai gaisuwa zai zauna yana kallonta. Mai son riƙon marainiya ya zo bayan la'asar, da lasin motarsa, da buhunsa mai hula, mu tafi sikelin fuloti tare. Wanda ya zo da ƙidaya a baki, akwai fura, ya sha ya koma.