Murhun Ntate Ramaili Ba Ya Hayaƙi

Duk faɗin Maseru, babban birnin Lesotho, babu wanda ya kai Ntate Ramaili, wato Baba Ramaili, wayewa, kuma ba sai ka tambaya ba, shi da kansa zai faɗa maka. Sati uku kacal ya yi a Cape Town wurin kwas, amma ya dawo da ilimin da ya ishi unguwa guda. Ya kuma dawo da murhun itanol, ɗan akwatin ƙarfe mai gilashi da ake zuba wa sifirit a kunna. Ranar da aka kafa shi a bangon falo, ranar aka fitar da tsohon murhun kwal tsakar gida, kaji suka gaje shi.

A yi masa adalci, abin yana da kyau. Ba toka, ba baƙin bango, ko an ɗauke lantarki yana ci. Aibinsa ɗaya ne, shi ma ƙarami: sai ka kusan rungumarsa kafin ka ji ɗumi. Kuma dole a bar taga a buɗe don iska, a watan Yuli, tsakiyar hunturun ƙasar, dusar ƙanƙara kwance a kan duwatsu. 'Yan unguwa suka raɗa wa maigidan suna Babu-Hayaƙi, ya karɓa da hannu biyu, a zatonsa sarauta ce.

Shugabancin kwamitin unguwa yake nema, ido rufe. Dattawa huɗu ne ke da ta cewa, don haka ya gayyato su cin rana. A bakin ƙofa ya tare su.

"Iyayena, a rataye barguna nan. Bargo na makiyaya ne. Gidan nan kimiyya ke ɗumama shi."

Ka ce wa dattijon Lesotho ya cire bargonsa a gaban mutane? Uku suka cire don kunya. Na huɗun, Ntate Sekhonyana, mai shekara tamanin, ya ƙara danna fil ɗin da ke riƙe da bargonsa.

"Yaro, da shi na auri mata, da shi na binne ta. Matsa in wuce."

Matar gidan, Mme Mathabiso, wato Mama Mathabiso, ta kawo papa, tuwon masararsu, da naman tunkiya. Kafin a gama addu'a kitsen ya daskare. Babu-Hayaƙi bai lura ba, yana tsaye da 'yar shat, haƙoransa na kaɗawa, yana lacca.

"Wannan wuta daga rake aka tatso ta. Idan na hau kujera, kowane gida sai ya rabu da kwal."

"Ita wutar," in ji Sekhonyana, "yaushe za a kunna ta?"

Aka tuntsire da dariya. Maigida ya waiga, ya ga harshen wutar ya ɓace. Rana ta hasko ta taga, ita kuwa wutar sifirit idan ta yi ƙasa shuɗiya ce, ba kasafai ido ke kama ta ba. Ya ɗauko jarkar sifirit.

"Baban Thabiso, takardar murhun ta ce a rufe shi ya huce tukun," in ji matar.

"Mme, ni da takardar wa ya je Cape Town?"

Ya tuttula. Bum! Wuta ta biyo jarkar, ya yar da ita, kafet ya kama. Mutumin kimiyya ya suri butar shayi ya watsa, sifirit ya bi ruwan ya ƙara faɗi. Daga nan ya haye kujera yana kiran uwarsa, wadda ta rasu tun tuni.

Sekhonyana ya tashi ba gaggawa, ya zare fil, ya shimfiɗa bargon ulun nan a kan wutar, ya bi shi da takalmi. Ta mutu murus. Falo ya turnuƙe da hayaƙin da tsohon murhu bai taɓa yin irinsa ba cikin shekara ashirin.

Dattawa suka ɗauki bargunansu, suka koma tsakar gida. Mme Mathabiso ta kori kaji, ta hura murhun kwal, ta ɗumama naman. A nan, hannuwa a kan wuta, aka ba Sekhonyana shugabanci, ita kuma aka ba ta sakatariya.

Can sai ga Babu-Hayaƙi ya leƙo, babu gira ko ɗaya, yana rawar sanyi. Sabon shugaba ya miƙa masa ƙonannen bargon.

"Yafa, yaro. Na makiyaya ne, amma ba wanda zai faɗa a Cape Town."

Ya yafa har ka.