Injiniya Bubayero da Ƙofarsa Ɗaya

"Duk Gaya da Ajingi, babu kwamfutar da za ta gan ni ba ta durƙusa ba!"

Kirarin Bubayero ke nan kullum a bakin shagonsa na cajin waya. Injiniya yake kiran kansa, alhali iliminsa kaf sukudireba ce guda, ita ma bakinta ya cinye. Amma abokina, in ka ga yadda yake ɗora tabarau a goshi, sai ka rantse a gidansu aka yanke wa intanet cibiya.

Goni Mu'az yana da Islamiyya a Gaya. Ran nan aka ce masa ya aika sunayen ɗalibansa masu shiga musabaƙa zuwa ga Malam Bala, mai tattara sunayen a Ajingi, kafin la'asar, in ba haka ba a cire makarantar. 'Yarsa Muslima, mai koyar da kwamfuta, ta ce, "Baba, a ɗauki hoton takardar a tura ta waya mana."

Caraf Bubayero, da ya leƙo makarantar, ya tsoma baki. "Allah gafarta Malam, wannan aikin 'yan koyo ne! Kwamfutarku zan haɗa da ta Ajingi kai tsaye."

Muslima ta ce, "To ka kula. Kwamfuta adireshi gare ta, da ƙofofi masu lamba. Ƙofar da ke jiran saƙo daban, ta fita daban."

"Almubazzaranci! Adireshi ɗaya, ƙofa ɗaya, shiga da fita. Sabon ilimi ne, bai iso ajinku ba."

Gogan ya bi kowane gurbi ya cusa adireshi ɗaya da lamba ɗaya, har gurbin inda saƙon zai je. Kwamfuta ta ce ƙofar a tsare take. Sai ya kashe manhajar da ke jira a bakinta, ya sake dannawa. Ta haɗu! Ya juyo yana kallon malaman makarantar da suka taru, hanci a sama.

Ya rubuta, "Salamu alaikum."

Amsa ta faɗo: "Salamu alaikum."

"Ji mutanen Ajingi, amsa sallama ma gagararsu take!"

Ya tura sunaye. Sunaye suka dawo, ko ɗigo bai canza ba.

"Iye! Mayar mana kuka yi?" Ya rubuta, "Wa ya ba ɗan ƙauye kwamfuta?"

Nan take tambayar ta dawo masa. Bubayero ya fusata. Ya buga da yatsa biyu, "Wanda ke zaune gaban kwamfutar nan jaki ne!" Da maganar ta dawo, da kansa ya karanta wa jama'a da ƙarfi. Ya miƙe yana neman makullin babur, wai sai ya je Ajingi an yi ta ta ƙare.

Goni dai ya kira Malam Bala ya ji ba'asi. Malam Bala ya ce, "Wace kwamfuta, Allah gafarta? Tun jiya ba mu da wuta, tana nan lulluɓe da zani."

Muslima ta leƙa allon, ta toshe baki. "Baba, kwamfutar kanta ta kira, kanta ta amsa. Babu abin da ya bar ɗakin nan." Ta ɗauki hoton takardar ta tura, saura minti goma a kira la'asar.

Bubayero ya fara in'ina, "Ai... matsalar sabis ce..."

Goni ya gyara rawani ya ce, "A'a, Injiniya, kada ka zargi sabis. Duk zagin nan, babu ko ɗaya da ya ɓace a hanya. Kowanne ya isa hannun mai shi."