Injiniyan da ke Auna Ɗaki da Tafi

A benenmu mai gidaje goma sha biyu akwai kunnuwa casa'in da huɗu, har da na jarirai, na ƙirga. A cikinsu biyu ne kawai suka san aikinsu, su ne na Injiniya, maƙwabcina na ƙofa da ƙofa. Mu sauran ji muke yi. Shi saurare yake yi, kuma sau bakwai yana tsare ni a kan matakala don ya fayyace mini bambancin.

Sunan ba a makaranta ya samo shi ba, shi ya sa ya fi daraja. A ofishinsu shi ne mai kula da sito. Wata rana ana tsakiyar taro lasifika ta ɗauke, manya suna ta hura makirufo, sai bawan Allah ya sunkuya ya mayar da filogin da wani ya fizge da ƙafa. Aikin daƙiƙa huɗu. Shugaban taron ya ce, "Madalla, injiniya." Yau shekara shida ke nan bai ƙara amsa wani suna ba.

Mutum ɗaya ne ya ƙi karɓar wannan naɗi, wato surukinsa, tsohon kafinta da ya yi shekara arba'in da tef ɗin awo a aljihu. Shi "yaron nan" yake ce masa. Injiniya yana da shekara arba'in da uku, da tumbi, da furfura goma sha ɗaya a gemu, amma yaron nan. Abin yana ci masa rai fiye da yadda yake nunawa, kuma yana nunawa sosai.

Sai ga dama ta samu. Za a yi wa tsohon aikin ido, zai kwana goma a gidansu yana jinya. Likita ya hana karatu, ya hana talabijin, saura rediyo. Matar Injiniya, tela ce mai ɗinki a gida, ta ce a sayo ɗan ƙaramin saitin sauti na falo, ta kuma kafa sharaɗi uku. Saitin ya zauna a kan kantar da babanta ya ƙera musu, mai faɗin santimita sittin. Ya kasance yana kama rediyo. Kujerar hannu da Baba ke zama a kai, ita ma aikin hannunsa, kada a matsar da ita ko da taku ɗaya.

Falon nan na san shi, don irin nawa ne sak: mita uku da rabi a tsawo, biyu da rabi a faɗi. A cikinsa akwai keken ɗinki, doguwar kujera, kujerar Baba, teburi da kanta. Na ɗauko tef ɗina na miƙa masa. Ya dube shi kamar na miƙo masa mataccen ɓera.

"Maƙwabci, wannan kayan kafintoci ne," in ji shi. "Sauti ba katako ba ne da za a sa masa tef. Ɗaki tambayarsa ake yi, shi kuma ya ba da amsa. Ranar da muka tare na tsaya a tsakiyar falon nan na yi tafi uku. Ka san me ya ce mini? Ya amsa kamar zauren taro. Ido yana ganinsa ƙarami, amma a kunne babba ne. Kai a ido kake zaune, ni a kunne."

Na tuna ranar, don ni na riƙe musu ƙofa. Babu komai a falon sai tsintsiya ɗaya da bokiti. Na so in faɗa, amma mutum ba ya katse masani.

Na bi shi shagon kayan lantarki don ni ma ina neman ƙwan fitila. Mai shago ya ji bayani, ya sauko da wani ɗan saiti tsaf-tsaf: sifika biyu kowace kamar bulo, da akwati a tsakiya, duka-duka faɗin santimita arba'in da biyar. Yana kama rediyo, yana haɗuwa da waya, filoginsa ɗaya. Ya kunna. Muryar mai gabatarwa ta fito tas, kamar yana tsaye a bayan kanta.

Injiniya ya rufe ido, ya karkata kai, ya ɗaga yatsa ɗaya. Daƙiƙa tara.

"Babu ƙasa," ya ce. "Sama akwai, tsakiya da dama-dama, amma ƙasa babu. Sauti ba a kunne yake ƙarewa ba, malam, sai ya sauka a haƙarƙari. Wannan ka kai wa masu gadi. Ni babban mutum zan saukar a gidana."

Daga nan idonsa ya faɗa can ƙuryar shago, inda wasu baƙaƙen sifiku biyu ke tsaye, kowace ta kai masa ƙirji, da wani jibgegen akwatin dum mai sa sauti ya yi rugugi a tsakaninsu, da amfilifaya, na'urar ƙara ƙarfin sauti, a sama mai fitilu goma sha shida.

"Yallaɓai, na masu ba da haya a wurin biki ne wannan," in ji mai shago. "Zauren taro za a sa ko filin ƙwallo?"

"Falo."

"Mita nawa ne falon?"

"Kai ma da mita?"

Imanin mai shago tambaya biyu ya ɗauka. A ta uku sai ya ce, "Ai Injiniya ya fi ni sani." Ya ƙara da cewa irin wannan in ya fita ba ya dawowa, ya maimaita har sau biyu. Injiniya bai ji ba, kunnuwansa na can suna saurare.

Ƙarti huɗu suka hau da kayan, matakala talatin da huɗu, cikin minti hamsin. Injiniya ma ya yi nasa ƙoƙarin, shi ya ɗauko rimot. Yana gaba yana ba da umarni: "A hankali da ta hagu, ita ce mai taushin murya."

A falo aka fara sanin gaskiya. Amfilifaya ya ƙi hawa kanta, rabinsa na lilo a iska, aka sauke shi kan teburi. Sifika ɗaya ta toshe taga. Ɗayar ba ta da wuri sai gurbin kujerar Baba, don haka aka fitar da kujerar zuwa baranda, gefen kwandon shara. Akwatin dum ya zauna bayan ƙofa, ƙofar ta koma buɗewa santimita talatin da biyu. Injiniya da kansa sai ya shanye tumbi yake shiga.

Matar ta dawo daga kai ɗinki, ta tsaya a baranda tana duban kujerar, sannan ta shiga a karkace.

"Injiniya, sharaɗi nawa na faɗa maka?"

"Uku."

"Biyu na gani a kwance. Rediyo fa?"

"Haba, abu mai wat dubu biyu ki tambaye shi rediyo? Komai yana ciki. Ke dai bari Baba ya ji, za ki ga yadda zai riƙa kirana."

Ranar Asabar da yamma aka kawo Baba, idon hagu a rufe da auduga. Ya hau matakala a hankali, ya iso baranda, ya tarar da kujerarsa. Ya shafa hannunta kamar mai gaida tsohon aboki a asibiti. Ya shiga falo ta gefe, aka zaunar da shi a bakin doguwar kujera, gwiwarsa na taɓa akwatin dum. Ni ina bakin ƙofa, rabin fuskata a ciki, iyakar abin da ya samu shiga.

Injiniya ya gyara murya. Jawabin ya ɗauki minti shida. Ya yi bayanin sama da tsakiya da ƙasa, ya ce yawancin mutane suna mutuwa ba su taɓa jin ƙasa ba, ya ce yau Baba zai fita daga cikinsu. Sannan ya saka kiɗa ya kama maɓallin ƙara, mai lamba daga sifili zuwa sittin.

A biyar gilashin taga ya fara karkarwa. A takwas kofuna biyu suka kama hanyar bakin teburi, matar ta tare ɗaya. A goma sha ɗaya allurai suka zubo daga kan keken ɗinki, agogon bango ya karkace, jaririn hawa na sama ya tsala ihu. Saura arba'in da tara ba a taɓa ba. Injiniya idonsa a rufe, hannu a kan haƙarƙari.

Baba ya ɗaga hannu. Aka kashe.

"Yaron nan, ƙarfe nawa?"

"Huɗu saura biyar, Baba."

"To kamo mini labarai."

Maɓallan rimot talatin da bakwai ne. Ya danna su duka, ya sake bi ta kansu daga ƙasa. Fitilu suka yi ja, suka yi kore, wata murya ta faɗi wani abu da wani yare. Labarai ba su zo ba. Ya duƙa bayan amfilifaya, ya taso da gumi.

"Baba, ai irin wannan na ƙwararru ne. Ba a sa musu rediyo, yana gurɓata sauti."

"Uku ke nan," in ji matar, tana tsince allurai.

Baba ya juya lafiyayyen idonsa ya bi ɗakin da kallo, bango zuwa bango. "Wa ya auna wurin nan kafin a sayo?"

"Da tafi ya auna, Baba," in ji 'yarsa.

"Da me?"

"Tafi. Guda uku."

"Ikon Allah. Shekara arba'in ina wahalar da kaina. Tafa mini in ji, yaron nan."

Injiniya ya samu ɗan filin da ya rage tsakanin teburi da keke, ya buɗe hannuwa gwargwadon yadda sifiku suka bari, ya tafa. Ɗakin ya ce "ɗaf", kamar an yar da jiƙaƙƙen tsumma. Ya sake. Ɗaf. Na ukun bai yi ba.

Tsohon ya zaro tef daga aljihu, ya miƙe, ya auna sifikar da ta ci gurbin kujerarsa: tsawo, faɗi, zurfi. Ya ƙwanƙwasa gefenta da yatsa ya kasa kunne.

"Katakon dai mai kyau ne," ya ce. "A nan ka iya zaɓe."

Kafin a rufe shago Injiniya ya koma, da tef ɗin Baba a aljihu da takarda a hannu wadda matarsa ta rubuta "60" a kai, ta ja layi biyu a ƙasa. Ya dawo da saitin masu gadi. Saitin ya zauna daram a kan kanta, har da rarar santimita goma sha biyar inda Baba ya jera maganin ɗigon idonsa. Kujera ta koma gurbinta, manyan sifiku suka maye wurinta a baranda. Labaran ƙarfe shida Baba ya ji su daga farko har ƙarshe, a lamba uku.

Manyan kuwa mai shago ya riga ya faɗa, ba sa dawowa. Baba ba mai iya zaman banza ba ne. Da aka cire masa auduga ya nemi sukudireba da zarto, ya kwashe kayan cikin ta hagu, mai taushin muryar nan, ya sa mata kanta huɗu da ƙofa. Yanzu tana cin takalmi ƙafa goma sha biyu. Ta dama ta ɗauki atamfofin matar. Akwatin dum shi ne benci, mutum biyu yake ɗauka, uku in da yaro.

Injiniya bai karaya ba. Yana gaya wa baƙi cewa a duk garin nan babu kabad ɗin takalmi mai irin wannan ƙasa.

Kuma burinsa ya cika, ko da rabi ne. Ranar tafiya, Baba ya tsaya a saman matakala, gaban maƙwabta tara, ya dafa kafaɗarsa, karo na farko bai ce "yaron nan" ba.

"To, Mai Tafi, Allah ya yi albarka. Tef ɗin na bar maka."

A benen nan, sunan injiniya shekara shida ya yi bai wuce hawanmu ba. Mai Tafi kuwa kwana biyu ya ɗauka ya zagaye gidaje goma sha biyu.