Asibitin Kogo na Pak Ramlan

"Ni fa ba a makaranta na koyi gini ba, wajen halitta na koya," in ji Pak Ramlan (Pak shi ne Malam a yarensu), yana dukan ƙirji a rumfar kofi ta bakin kogi. "Sauran masu zanen gini kwafar juna suke yi. Ni kuwa dutse da ganye ke ba ni shawara."

Kai dai ka san irinsu, sarakunan cika-baki. Ko wurin ɗaurin aure da hular kwanon magina yake zuwa. Ƙaramin asibitin ƙauye aka ba shi ya gina, amma idonsa na kan babban asibitin da Pak Bupati, shugaban gunduma, zai bayar da kwangilarsa in ya zo bikin buɗe wannan.

Sai gogan ya ce kogo zai kwaikwaya. Babu fanka, babu taga, sai ramuka can sama da kwatamin ruwa a ƙasa. Sanyi kam an samu, ba ƙarya.

Bu Masniah ungozoma (Bu kuwa Malama ke nan) ta leƙa ciki ta ce, "Pak, a duhun nan ta ina zan ga jijiya?"

"Duhu ai hutu ne ga ido, Bu. Kin taɓa ganin jemage da tabarau?"

Ba a jima ba tsattsewa suka ji labari. Su da suka saba kwana a kogo, ga kogo sabo fil har da ruwa! Suka shigo da 'ya'ya da dangi, suka liƙa sheƙunansu na yawu a rufi. Wanda ya kwanta da zazzaɓi sai ya tashi da ɗigon kashi a goshi.

"Pak, jiya a kwanon shinkafar mai jego suka yi," in ji Bu Masniah.

"Wannan ai shaida ce! Halitta ta sa hannu a aikina."

A ɓoye kuwa Pak Ramlan ya kira magina. Ya sa aka toshe ramukan, asibiti ya koma tukunyar turara kifi, har wani tsoho ya fito da ledar ƙarin ruwa a hannu yana neman inuwa. Ya sa aka buɗe, tsuntsaye suka dawo da surukansu. Bu Masniah ta kwashe majinyatanta ta koma ƙarƙashin mangwaro.

Ranar buɗewa Pak Bupati ya shiga, ya haska fitilar wayarsa sama, ya ƙura wa sheƙunan ido. Pak Ramlan sai zufa yake, ga sanyi ga zufa.

To, duk gundumar an san Pak Bupati ya gina wa tsattsewa gidaje manya, don sheƙarsu da 'yan Sin ke miya da ita ta fi zinariya farin jini. Shekara da shekaru lasifika na kiransu da kukan tsuntsu, ko gashin tsuntsu bai gani ba.

"Wa ya zana wannan?" in ji Pak Bupati.

"Ni ne, Pak."

"Ba lasifika? Da kansu suka zo?"

"Da kansu, Pak!" Nan take ƙirji ya dawo. "Na sha faɗa musu, ni da halitta..."

Pak Bupati ya rungume shi. Ya ba da umarni a kulle ƙofa, kada tarin majinyata ya firgita baƙi. Marasa lafiya su yi haƙuri da mangwaro tukuna, ai shi ma halitta ne.

Pak Ramlan ya cire hular kwano don girmamawa, ya matso. "To, batun babban asibiti, Pak?"

"Asibiti? Allah ya kiyaye! Can ai mutane za su kwanta. Kai dai tsuntsayena za ka gina wa."

Daidai nan wata tsattsewa ta sakar masa nata a tsakar sanƙo. Bu Masniah ta miƙo auduga daga bakin ƙofa.

"Ungo, Pak. Halitta ta sake sa hannu."